Bankin Mit Gamr, 1963 zuwa 1967: yadda ajiyar talaka ta zama jarin talaka

A shekarar 1963 aka buɗe wani ɗan bankin ajiya a garin Mit Gamr, cikin lardin Daƙahliyya na ƙasar Masar, a gaɓar reshen Kogin Nilu da ke gangarawa Dimyaɗ. Bankin ba ya karɓar kuɗin ruwa, ba ya kuma biya. Shekara huɗu kacal ya yi a kan tsarin da aka kafa shi, amma yawancin masu rubuta tarihin bankin Musulunci na zamani daga kansa suke fara ƙirga. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a zauna a duba shi da kyau shi ne irin mutanen da aka gina shi dominsu: manomi mai 'yar gona, masaƙi, kafinta, maƙeri, mai ɗan shago. Su ne har yau manyan bankuna, na Musulunci da waɗanda ba na Musulunci ba, suke jan ƙafa wajen ba su jari.

Masar a lokacin

Sojojin da suka kifar da sarauta a 1952 sun fara da rabon ƙasar noma. Dokar watan Satumba na shekarar ta kayyade wa mutum ɗaya fadan 200, wato kusan eka 200, sannan a 1961 aka rage zuwa 100. Harkar banki ma ba ta tsira ba. A 1960 gwamnatin Jamal Abdunnasir ta karɓe Bankin Misr da Bankin Ƙasa na Masar, a watan Yulin 1961 kuma ta haɗa da sauran duka. Bankuna suka koma hannun hukuma, hankalinsu yana kan manyan masana'antu da cinikin auduga da ayyukan gwamnati. Ƙaramin mai sana'a a ƙauye ba ya cikin lissafin kowa. In ya buƙaci jari, sai ya nufi mai ba da bashi da ruwa, ko ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗi tun amfanin gona yana tsaye, ya karɓa da araha in an girbe.

Akwai kuma tsohuwar matsala ta ɓangaren ajiya. Tun 1901 aka buɗe asusun ajiya na gidan waya a Masar, kuma tun a shekarun farko aka samu masu ajiya da dama da suka ƙi karɓar ruwan da aka ɗora musu, har maganar ta kai gaban Muftin ƙasar na lokacin, Muhammad Abduh. Shekara sittin bayan haka, mutumin karkara in ya samu rara, gwal yake saya wa matarsa, ko dabba, ko ya ɓoye kuɗin a ɗaka. Jami'an tsare-tsare a Alƙahira sun ɗauka talakan ƙauye ba shi da abin ajiyewa ne.

Dakta Ahmad Najjar, wanda ya kafa bankin Mit Gamr, bai yarda da wannan ba. Ya yi karatun tattalin arziki a birnin Kolon na Jamus ta Yamma, inda ya ga yadda bankunan ajiya na ƙananan hukumomi suke aiki. Tsarinsu tsoho ne, tun ƙarshen ƙarni na 18, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: kowane banki yana da yankinsa, a nan yake tara ajiya, a nan yake ba da bashi, ba ya tsallakawa gonar wani. Najjar ya ga cewa wannan tsari zai zauna a karkarar Masar in aka cire masa abu ɗaya, wato kuɗin ruwa. Ya samu goyon bayan Jamusawa, gwamnatin Masar ma ta amince ta sa hannu.

Wani abin lura shi ne ba a rubuta kalmar Musulunci a jikin allon bankin ba. Sunansa a hukumance bankin ajiya na yanki. An haramta ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi tun 1954, kuma duk wani shiri da ya fito da rigar addini a fili yana iya jawo wa mai shi idon jami'an tsaro. Ga hukuma, Najjar ya gabatar da shirin a matsayin dabarar jawo ajiyar karkara cikin tattalin arzikin ƙasa. Mutanen gari kuwa ba su buƙaci a yi musu dogon bayani ba, sun gane. Yankin ba baƙon malamai ba ne, domin a ƙauyen Daƙadus da ke nan kusa aka haifi Shaihu Sha'arawi a 1911.

Yadda aka tsara shi

Asusu uku bankin yake da su. Na farko asusun ajiya ne zalla. Mutum zai zuba abin da ya sawwaƙa, komai ƙanƙantarsa, ya cire ranar da ya ga dama. Ba a ƙara masa ko sisi. Abin da yake samu shi ne damar karɓar rance marar ruwa na ɗan gajeren lokaci, domin wata buƙata ta sana'a. Na biyu asusun zuba jari ne: kuɗin zai zauna na wani wa'adi, banki ya juya shi, a raba riba, in an yi asara mai kuɗin ya ɗauki rabonsa. Na uku asusun zakka da taimako ne, wanda ake tallafa wa wanda wata musiba ta auka wa.

Kowanne daga cikin ukun yana kare ɗan'uwansa, kuma a ganina nan ne basirar tsarin take. Sharaɗin cewa sai ka fara ajiya kafin a ba ka rance ya sa bankin yana da tarihin mutum a rubuce tun kafin ya zo neman komai. Wanda yake kawo 'yan kuɗinsa mako bayan mako ba fashi ya riga ya nuna halinsa, kuma wannan shaida ce da mutumin da ba shi da takardar fili ko gida zai iya kafawa da kansa. Asusun zakka kuma ya raba abu biyu da kan rikita masu ba talaka bashi: wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa biya. Manomin da saniyarsa ta mutu ko gobara ta cinye masa rumbu, akwai inda za a ɗebo a tsayar da shi, ba tare da an taɓa kuɗin masu ajiya ba, ba tare da an koya wa sauran masu bashi cewa bashin banki kyauta ne ba.

Kuɗin asusun jari kuwa bankin yana sa shi cikin ciniki da ƙananan masana'antu, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci da haɗin gwiwar masu sana'a. Wannan haɗin gwiwa, wato musharaka, shi ne ya fi shafar maganarmu, don haka bari a kawo misali da alƙaluman da aka zaɓa domin sauƙin lissafi.

A ɗauka wani kafinta ya samu kwangilar kujerun makaranta. Katako da ƙusa da fenti za su ci fam 100, shi kuma fam 40 gare shi. Banki ya cika 60. Suka yi yarjejeniya cewa kashi ɗaya cikin uku na ribar nasa ne saboda aikin hannunsa, abin da ya rage a raba gwargwadon jarin kowa. Ya gama aiki, aka biya shi fam 130. Riba 30 ke nan. Ya ɗauki 10 ladan aikinsa, saura 20: banki 12, shi 8. Ya tashi da 18 bayan uwar kuɗinsa, banki ya tashi da 12. To, a ce ruwa ya lalata wani ɓangare na katakon ba da sakacinsa ba, aka tashi da fam 90 kawai. Asarar 10 ce, banki ya ɗauki 6, shi ya ɗauki 4, domin ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce asara tana bin jari. Da wurin mai ba da bashi da ruwa ya je, fam 60 ɗin nan da ruwansa suna wuyansa, ko katako ya jiƙe ko bai jiƙe ba.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma wa ya ce fam 130 aka biya shi? Kafintan ba ya rubuta komai a littafi, ba shi da akawu, rasiɗi ma ba lallai ba ne. In ya zo ya ce 110 aka ba shi, ribar banki ta faɗo daga 12 zuwa 4. In ya ce katako ya jiƙe alhali ya sayar da rabinsa ta bayan gida, banki ya yi asara a kan cinikin da aka ci riba. Duk wanda ya taɓa ba wani jari a raba riba ya san wannan ciwon. Mai ba da bashi da ruwa abu ɗaya yake son sani, ko za a iya biyan sa. Abokin tarayya kuwa dole ya san nawa aka saya, nawa aka sayar, me ya lalace, kuma da gaske ne ya lalace.

Mit Gamr ya shawo kan wannan ne ta hanyar kusanci. Bankin na yankin ne, ma'aikatansa suna shiga ƙauyuka suna zama da mutane, ba su jira a same su a bayan kanta ba. Ma'aikacin da ke bin hanyar kasuwa kullum ya san farashin katako na wannan makon. Ya san shugaban makarantar da ya ba da kwangilar, zai iya tsayawa su gaisa ya ji nawa aka biya. Ya san ko an yi ruwa ranar da aka ce an yi. Kafintan ma ya san cewa an sani. Bayan haka kuɗin da aka ba shi na maƙwabtansa ne, na mai shagon da ke kallonsa, na surukinsa, na wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Cin amanar irin wannan banki yana da tsada ta fuskar mutunci, tsadar da cin bashin wani banki na Alƙahira ba shi da ita. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da aka samu

A shekarar farko masu ajiya sun kai kusan 17,500, kuɗin da suka tara kuma kusan fam 41,000. Zuwa 1967 rassa sun kai tara, masu ajiya sun kai kimanin 250,000, ajiyar ta haura fam miliyan 1.8. In aka raba, kowane mai ajiya bai wuce fam bakwai da 'yan kai ba, a shekarar farko ma fam biyu ne da ɗoriya. Wannan ƙaramin adadi ya fi babban jimillar bayyana ko su wane ne abokan hulɗar bankin. Attajirai ba su ne suka cika shi ba. Mutanen da aka ce ba su da abin ajiyewa ne suka fito da shi daga ƙarƙashin katifa, kuma rahotannin lokacin sun nuna masu karɓar rance suna biya yadda ya kamata. Wannan duk ya fara ne shekara 13 kafin Muhammad Yunus ya fara ba matan ƙauyen Jobra bashi a Bangaladesh a 1976, aikin da ya zama Bankin Grameen a 1983.

Sai dai kada sha'awa ta rufe mana ido. Shekara huɗu ba ta isa a ce tsari ya jure kowane irin yanayi ba. Bankin bai ga doguwar shekarar fari ko faɗuwar kasuwa da za ta kayar da abokan tarayyarsa da yawa lokaci guda ba, kuma bankin da duk harkarsa take yanki ɗaya, irin wannan rana ita ce babbar barazanarsa. Na biyu, kusancin nan da muka yaba yana cin kuɗi. Sawun da ma'aikaci zai yi a kan tarayyar fam 60 bai gaza wanda zai yi a kan ta fam 6,000 ba, ribar kuwa ba a haɗa su. Tallafin Jamusawa da na gwamnati ya ɗauke wani ɓangare na wannan nauyi a farkon tafiya. Na uku, rance marar ruwa ba ya kawo wa banki komai, dole wani ɓangaren ya ciyar da shi. Sannan ga saurin buɗe rassa: abin da mutum ɗaya mai himma da 'yan ma'aikatan da ya horar da kansa za su riƙe a gari ɗaya, ba lallai ya riƙu haka a wuri tara ba.

Yadda aka rufe babin

Iskar siyasa ta juya a 1965. A watan Mayu Masar ta yanke hulɗar jakadanci da Jamus ta Yamma bayan da Jamus ɗin ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, abin da ya raunana ƙafar da shirin yake dogara da ita a waje. A wannan watan ne kuma taro na biyu na Cibiyar Binciken Musulunci ta Azhar ya yanke cewa ruwan da bankuna ke ɗorawa a kan bashi haramun ne. Wannan fatawa ta ƙarfafa hujjar Najjar, amma ta kuma sa bambancin bankinsa da bankunan gwamnati ya fito fili a lokacin da bai dace da shi ba, domin a shekarar ce aka sake dirar wa 'Yan'uwa Musulmi, har aka rataye Sayyid Ƙuɗub a watan Agustan 1966. Banki mai mutum dubu ɗari biyu da hamsin, wanda ba ya ƙarƙashin cikakken ikon hukuma, wanda kuma nasararsa take nuna cewa jama'a suna ƙyamar tsarin bankunan hukuma, ba abin da irin wannan gwamnati za ta zuba wa ido ba ne.

Daga tsakiyar 1967, shekarar da Masar ta sha kashi a yaƙin watan Yuni, aka miƙa rassan ga bankunan gwamnati, suka koma aiki da kuɗin ruwa kamar kowa. Masu ajiya suka yi ta janyewa. Masu nazarin lamarin sun kasu: wasu sun ɗora laifin kacokan a kan siyasa, wasu sun ce akwai raunin gudanarwa da saɓani tsakanin Najjar da hukumomin da ke sa ido a kansa. Ni na fi karkata ga cewa biyun sun haɗu, kuma abin da ya ba su dama shi ne bankin ba shi da wata doka tasa da ta tsaya masa. Da yardar wasu jami'ai ya rayu, da suka janye yardar kuma ba shi da inda zai kai ƙara. A 1971, zamanin Anwar Sadat, aka kafa Bankin Nasir na Jin Daɗin Jama'a da doka ta musamman, shi ma ba ya mu'amala da ruwa. Amma wannan hukuma ce ta gwamnati mai hedikwata a Alƙahira, ta fi kama da ma'aikatar walwala fiye da bankin gari da mutanen gari suke ji nasu ne.

Inda magadansa suka nufa

Bankunan Musulunci da suka biyo baya da kuɗin man fetur suka tashi. A 1975 aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda, sai bankunan Faisal a Masar da Sudan kafin ƙarshen shekarun 1970. Najjar da kansa ya zama babban sakataren ƙungiyar bankunan Musulunci ta duniya. Jari ya samu, doka ta samu, suna ya fito fili. Abin da ya ragu shi ne tarayya.

A 1976 wani masani ɗan ƙasar Jodan, Sami Hamud, ya fito da yadda banki zai yi amfani da murabaha: abokin hulɗa ya nuna kayan da yake so, banki ya saya ya mallaka, sannan ya sayar masa da ƙarin riba sananniya, ya biya kashi-kashi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi bisa sharuɗɗa a 1988. Cikin ɗan lokaci murabaha da 'yan'uwanta irin su ijara, wato ba da kaya haya, suka mamaye harkar, musharaka da mudaraba (jari daga wani, aiki daga wani, a raba riba) suka koma 'yan kaɗan a littattafan yawancin bankuna.

Ba na cikin masu yi wa murabaha kallon raini. Ga mai ƙaramar sana'a tana da amfani na zahiri. Tela da ke son keken ɗinki, keken za a ba shi a hannu, don haka kuɗin ba zai zarce zuwa biki ko asibiti ba. Farashin da aka yanka ranar ciniki shi ne farashin, ba ya hauhawa don an yi jinkiri, kuma tarar da wasu bankuna ke ɗora wa mai taurin bashi sadaka ake bayarwa da ita, ba ta shiga ribar banki. Amma mu koma ga kafintanmu. Da murabaha aka ba shi katakon fam 60 a kan 66, ruwa kuma ya lalata shi bayan ya karɓa, 66 ɗin nan bashi ne a kansa. Tunda kuwa bashi ne, banki zai tambayi abin da kowane mai ba da bashi yake tambaya: ina jingina, wa zai tsaya maka, ina takardun shigar kuɗinka. Mutumin da aka kafa Mit Gamr dominsa ba shi da ko ɗaya. Sannan murabaha kaya take saya. Ba ta biyan albashin yaran shago ko kuɗin wuta, alhali sau da yawa a nan ne ƙaramar sana'a take shaƙewa.

Bankunan suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Babban banki mai rassa a birane ba shi da ma'aikacin da ya san farashin katako a kowace unguwa. Masu ajiyarsa suna son ribar da ba ta gaza ta bankin da ke tsallaken titi ba, kuma ba su shirya jin labarin asara ba. Ƙa'idojin sa ido ma sun tura su wannan hanya: a ma'aunin Hukumar Kula da Harkokin Kuɗi na Musulunci da aka kafa a Kuala Lumpur a 2002, jarin da banki ya zuba a tarayya da wani kamfani ana iya lissafa haɗarinsa har ninki huɗu na bashin da aka ba kamfani irinsa, wato sai banki ya keɓe ninki huɗu na kuɗin kansa a bayansa. Manajan da aka ba zaɓi tsakanin wannan da cinikin mota ga ma'aikacin gwamnati mai albashi, an san inda zai sa hannu.

Masar ɗin ta kuma ga ɗaya gefen. A shekarun 1980 kamfanonin juya kuɗi masu sunan Musulunci, irin su Rayyan, suka kwashi ajiyar jama'a da alƙawarin riba mai tsoka, ba tare da wata hukuma tana duba littattafansu ba. Da aka kafa doka mai lamba 146 a 1988 aka ce kowa ya buɗe lissafinsa, da dama suka rushe da kuɗin mutane. Sunan addini suka riƙe, suka yar da sanin inda kowane fam ya shiga, wanda shi ne aikin yau da kullum na ma'aikatan Mit Gamr. Najjar ya ga wannan duka da idonsa. A shekarunsa na ƙarshe, kafin rasuwarsa a 1996, ya zama ɗaya daga cikin masu sukar bankunan da ya taimaka aka kafa, yana ganin sun nutse cikin murabaha da hidimar masu hali, sun bar aikin raya karkara da ƙananan masu sana'a da aka fara tafiyar dominsa.